Yadda Ake Sauya Waya Ko Layi Ba Tare Da An Rasa Zauren WhatsApp Ba

A Gwarzo da Kabo, zauren WhatsApp ya daɗe da wuce wurin gaisuwar Juma'a. Tsofaffin ɗaliban sakandare a ciki suke tara gudummawar ɗan ajinsu da ke kwance a asibiti. Masu adashi a ciki suke tura shaidar biyan kuɗi. Dillalan hatsi da na dabbobi kuwa a ciki suke sanar da juna yadda kasuwar Getso ta kaya, tun wanda ke Garo ko Kutama bai hau mota ba. Wasu ƙungiyoyin ba su da wani littafin lissafi ban da wannan zaure.

Shi ya sa ranar da wayar admin ta faɗa ruwa, ko aka rufe masa layi, ko wani ya ƙwace masa asusu, ake shiga ruɗani. Matsalolin nan suna kama da mabambanta, amma tushensu ɗaya ne. WhatsApp bai san sunan kowa ba, lambar waya ya sani. Duk wanda saƙon tantancewa mai lamba 6 ya shiga hannunsa, a wurin manhajar shi ne mai asusun. Hirar da aka riga aka yi kuma ba ta zaune a kwamfutocin kamfanin, tana cikin wayoyin mambobi ne.

Da lambar wa aka buɗe zauren?

Wannan ce tambayar da ba a yi ranar buɗewa, alhali ita ce mai ciwo daga baya. Wanda ya ƙirƙiri zaure yana da matsayin da sauran admin ba su da shi: babu mai iya cire shi ko sauke shi, sai dai ya fita da kansa. Idan da layin aro aka buɗe, ko da layin da ba a yi masa rajista da NIN ɗin mai shi ba, to ƙungiya ta gina ɗaki a filin da ba nata ba.

Akwai wata ƙa'ida kuma da mutane da yawa ba su sani ba. Idan admin ɗaya ne tak kuma ya fita, WhatsApp da kansa zai ɗauki wani daga cikin mambobi ya naɗa, ba tare da shawara da kowa ba. Yana iya faɗawa kan ma'aji, yana iya faɗawa kan baƙon da ya shigo jiya. Maganin wannan admin biyu ko uku, kuma gara a ce ba layin kamfani ɗaya suke amfani da shi ba, domin idan sabis ɗin wannan ya ɗauke na wancan yana nan. Amma kada a wuce gona da iri. Zauren da ke da admin goma sha biyar yana da ƙofofi goma sha biyar da ɓarawo zai gwada.

Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024. Ƙungiyar da ta haɗa mazaɓu da yawa za ta fi samun sauƙi da tsarin Communities da aka fito da shi a ƙarshen 2022, inda ƙananan zauruka ke zama a ƙarƙashin inuwa ɗaya, da wurin sanarwa wanda admin kaɗai ke rubutu a ciki.

Ranar sauya waya

A nan aka fi yin asara, kuma yawancinta ta gaggawa ce. Saurayi ya shiga Kano, ya je kasuwar waya ta Farm Centre, ya yi musanye, ya miƙa tsohuwar wayar aka goge ta a gabansa. Sai ya dawo gida ya sauke WhatsApp, ya tarar zaurukansa duk suna nan, amma babu saƙo ko ɗaya a ciki. Zama mamba yana bin lamba, shi ya sa zaurukan suka dawo. Hira kuwa ta tafi da tsohuwar waya.

Hanyoyi biyu ne na ɗauko ta a wayoyin Android. Ta farko ita ce ajiya a Google Drive, wadda ake samu a Settings, sai Chats, sai Chat backup. Domin ajiyar ta dawo a sabuwar waya, dole abu biyu su dace da na da: lambar waya da asusun Google. Na biyun ne ke kayar da mutane. Da yawa ba su ne suka buɗe Gmail ɗinsu ba, mai shagon da ya sa musu manhajoji ne ya buɗe shekarun baya, kuma babu wanda ya rubuta kalmar sirrin. Saboda haka kafin a rabu da tsohuwar waya, a duba sunan Gmail ɗin da ke wurin ajiyar, a gwada shiga da shi a wata wayar. Idan ya ƙi, a gyara tun tsohuwar na hannu.

Daga farkon 2024, ajiyar WhatsApp tana cin wuri a cikin 15GB ɗin da Google ke bayarwa kyauta, tare da hotuna da saƙonnin Gmail. Idan wurin ya cika, ajiya ta tsaya, mai waya kuma bai lura ba. A duba kwanan watan ajiya ta ƙarshe, domin wani zai tarar tasa ta bara ce. Bidiyoyin biki da na barkwanci su ne ke kumbura ta, kuma inda sabis ke rawa, ajiya mai nauyi na iya kwana tana juyawa ba ta gama ba. A kashe zaɓin haɗawa da bidiyo, a kwashe masu muhimmanci zuwa memori.

Wani tarko kuma yana wurin girkawa. Sau ɗaya manhajar ke tambaya ko a dawo da tsohuwar hira. Wanda ya danna tsallakewa saboda data ta yi ƙasa, to ya yi maza ya cire manhajar ya sake girka ta. Idan ya bari sabuwar wayar ta yi tata ajiyar, za ta hau kan tsohuwar ta shafe ta, domin kwafi ɗaya kawai ake riƙewa. Wanda kuma ya kulle ajiyarsa da kalmar sirri ko da mabuɗi mai lamba 64, ya sani cewa idan ya manta kuma tsohuwar waya ta tafi, kamfanin kansa ba zai iya buɗe masa ba.

Hanya ta biyu ta fi dacewa da mai ƙarancin data, kuma tun 2023 take nan amma ba a cika amfani da ita ba. A tsohuwar waya a shiga Chats a zaɓi Transfer chats, a sabuwar a sa lambar nan dai, sai wani hoto mai ɗigo-ɗigo na QR ya fito a ɗauke shi da tsohuwar. Wayoyin biyu za su haɗu kai tsaye ta Wi-Fi, hira da hotuna su wuce ba tare da an loda su a intanet ba. Sharaɗin shi ne wayoyin su kasance kusa da juna, da isasshen caji. Mai musanye ya roƙi mai shago ya ba shi ɗan lokaci ya yi wannan kafin a goge. Daga Android zuwa iPhone sai da manhajar Move to iOS, kuma sai iPhone ɗin yana sabo ko an mayar da shi kamar sabo.

Masu GB WhatsApp da ire-irensa lamarinsu daban ne. Ba kamfanin ne ya yi su ba, babu tabbacin hirarsu za ta koma manhaja ta asali, kuma kamfanin yana dakatar da lambobin da ya kama da su. Mamba na iya cewa ruwansa ne. Admin ko ma'ajin da kuɗin jama'a ke bi ta hannunsa bai da wannan uzurin.

Ga ma'aji ma akwai ƙarin aiki ɗaya mai sauƙi. A cikin zauren akwai Export chat, wanda ke fitar da hirar a matsayin takardar rubutu da za a iya turawa imel. Ba za a iya mayar da ita cikin WhatsApp ba, amma ranar da aka yi gardamar wa ya biya wa bai biya ba, ita ce shaida.

Idan layin ne zai canja

Tun Disambar 2020 da gwamnati ta wajabta haɗa layi da NIN, har zuwa wa'adin ƙarshe da hukumar NCC ta sa na 14 ga Satumba, 2024, layuka masu yawa sun rufe. WhatsApp yakan ci gaba da aiki a wayar ko da layin ya mutu, wannan ne ke yaudarar mutane. Sai ranar sauya waya, a nemi lambar tantancewa, babu inda za ta shigo.

Wanda ya san layinsa ya tafi ba dawowa, ya yi amfani da Change number da ke ƙarƙashin Account tun asusun na buɗe a tsohuwar wayar. Sabon layin ne zai karɓi lambar tantancewa, zauruka su bi shi, mambobi kuma su ga sanarwar canjin. A fara canja lamba, a yi sabuwar ajiya, sannan a canja waya. Wanda ya juya wannan tsari shi ke wahala. Dalilin gaggawar shi ne kamfanonin sadarwa suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a amfani da shi. Sabon mai shi baƙo ne, amma a wayoyin mutane ɗari lambar tana nan da sunan ma'aji.

Baƙin da ba a gayyata ba

Tarkacen saƙonni ta ƙofa biyu suke shigowa. Ta farko mahaɗar gayyata ce. Da zarar an liƙa ta a Facebook ko a status, ta fita daga hannun ƙungiya, kowa na iya dannawa ya shigo. Alamar ita ce lambobin da ba a sani ba su shigo a jere, su yi shiru kwana biyu, sai a wayi gari da tallan zuba dubu biyar a kwashi dubu hamsin. Admin ya shiga wurin mahaɗar ya danna Reset link, tsohuwar ta mutu nan take. Sannan ya kunna Approve new members, wanda aka ƙara a 2023, ta yadda duk mai son shiga sai ya jira izini. A kuma hana mambobi canja suna da hoton zauren. Admin na iya goge saƙon wani ga kowa da kowa muddin bai wuce kwana biyu ba, idan kuma aka kai ƙarar lamba, saƙonninta biyar na ƙarshe ne ke zuwa wa kamfanin.

Ƙofa ta biyu ta fi wuyar rufewa, domin 'yan gida ne ke buɗe ta da kyakkyawar niyya: tallafin gwamnati, rabon data kyauta, ɗaukar ma'aikata, a tura wa zauruka goma. Yawancin shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa. Adireshin da ya sa sunan hukuma a gaba amma ya ƙare da wani abu daban, kuma yana neman BVN ko lambar katin banki, a goge shi. Saƙon da ke ɗauke da kibiya biyu ya riga ya yi yawo hannu da hannu, shi ya sa tun 2020 manhajar ba ta bari a tura irinsa sai wuri ɗaya a lokaci guda. MMM da ya daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016 da CBEX da ya rushe a Afrilun 2025, yawancin waɗanda suka shiga wani na kusa da suka yarda da shi ne ya jawo su.

Mafi muni shi ne ƙwace asusun admin. Salon sananne ne: a kira mutum da sunansa, a ce daga ƙungiya ne, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo masa lambar shiga, ya karanto. Lambar tantancewar WhatsApp ɗinsa ce ya karanto. Cikin 'yan mintuna an fitar da shi, an fara bin abokansa da roƙon rance, an sauke sauran admin. Idan kuma asusun wanda ya ƙirƙiri zauren ne aka ƙwace, babu mai iya cire ɓarawon.

Rigakafin yana Account, wurin Two-step verification: lambar sirri 6 da mutum ya zaɓa da kansa, da adireshin imel na ko-ta-kwana. Da ita, ko an samu lambar tantancewa ba za a wuce ba. Ya kamata ƙungiya ta mayar da wannan sharaɗin zama admin. Inda wuta ba ta zama kuma waya ke yini a shagon caji, a ɓoye bayyanar saƙonni a fuskar waya idan tana kulle, domin lambar tantancewa na iya fitowa a nan kowa ya karanta. A riƙa leƙa Linked devices, inda asusu ɗaya ke iya buɗewa a ƙarin na'urori huɗu, a fitar da duk wadda ba a gane ba.

Idan aikin gama ya gama, muddin layin na hannun mai shi, asusun na dawowa. Ya sake shigar da lambarsa a manhajar, ya sa lambar tantancewar da za ta zo, nan take ɓarawon ya fita. Idan ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirrin, sai an jira kwana 7, amma shi ma yana waje a tsawon kwanakin. Idan layin ne aka sace tare da wayar, ofishin kamfanin sadarwa ne zangon farko, da NIN a hannu, a karɓi sabon sim mai tsohuwar lamba. Kafin nan sauran admin su kira mambobi a waya su ce kada kowa ya tura kuɗi.

Wasu ƙungiyoyin idan sun gaji sai su ce a koma Telegram. Yana da abin yabo: zaure na ɗaukar mutum 200,000, ana iya taƙaita yawan rubutun kowane mamba, kuma tun Janairun 2021 ana iya kwaso hirar WhatsApp a zuba a ciki ta hanyar Export chat ɗin nan. Abin da ba ya kwasowa shi ne mutane. Dattijon da jikansa ya sa masa WhatsApp don sauraron saƙon murya ba lallai ya sauke wata manhajar ba, ga waya mai ƙaramin wuri. Sau da yawa ƙungiya takan ƙare da zaure biyu, sanarwa ta fita a ɗaya, rabin mambobi na ɗayan. Idan dole sai an ƙaura, a mayar da tsohon zauren ya zama admin kaɗai ke rubutu, a bar sanarwar sabon wuri a sama na wata guda, sannan a cire mambobi ɗaya bayan ɗaya kafin admin na ƙarshe ya fita, don kada manhajar ta naɗa wani a zauren da har yanzu ke ɗauke da sunan ƙungiya.