Distiributar Tsohuwar 504: A Sauya Ko A Gyara?

Daga wakilinmu na Arewa, Kaduna

Jama'a, duk wanda ya san hanyar Ikko zuwa Kano ya san Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An yi ta harhaɗa ta a Kakuri, nan Kaduna, tun daga 1975 har zuwa 2006. Kuma ba motar haya kaɗai ba ce: ita ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, a hannun Ove Andersson. To, waɗanda har yanzu suke riƙe da ita, wasu don sha'awa wasu don neman abinci, sukan sha gardama a gareji kan abu guda. In mota ta fara kasala, shin a sa wa distiributa na'urar lantarki irin ta zamani, ko kuwa a sake daidaita ta asalin?

Bari mu fara da aikinta. Distiributa aiki biyu take yi. Na farko, kwantak-set da ke cikinta yana buɗewa yana rufewa, kwayil ya ba da wuta, rota ta raba wa fulogogi bi da bi. Na biyu, ita ke yanke lokacin da wutar za ta tashi. Fetur yana bukatar ɗan lokaci kafin ya ci sosai, saboda haka dole wuta ta riga fistin isa sama. In inji ya ƙara gudu, tilas ta ƙara sammako. Wasu ƙarafa biyu masu nauyi ke yin wannan aiki a ƙarƙashin farantin kwantak. Juyi yana watsa su waje, sifirin biyu ƙanana suna riƙe su. A gefe kuma akwai ɗan gwangwanin da zuƙar iskar inji ke ja, wanda ke ƙara sammakon wuta sa'ad da mota ba ta shan wahala, don tsimin mai.

Masu son na'urar lantarki suna da hujja. Kwantak yana cinyewa, ratarsa da ya kamata ta tsaya a milimita 0.40 a injin 504 takan gurɓace, tamin ya goce, da safe a yi ta tura mota. Na'urar kuwa ba ta goga komai, da maganaɗisu ko haske take aiki. Dalilin da ya sa ke nan kamfanin General Motors na Amurka ya raba motocinsa da kwantak a 1975.

Amma ga inda mutane da yawa suke asarar kuɗi. 'Yar na'urar da ake ɗaurawa a gurbin kwantak aiki na farko kaɗai ta karɓa. Ƙarafan nan da sifirin ɗinsu suna nan yadda suke. In sifirin ya saki, wuta za ta yi gaggawa, ka ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ka taka totur a hawa, wanda in ya daɗe yakan huda fistin. In ƙarafan sun yi tsatsa sun maƙale, wuta za ta makara, mota ta yi nauyi, ta sha mai, ta ɗau zafi. Babu na'urar da za ta warkar da wannan.

Daidaitawa ita ce maganinsa. Bakanike zai haska fitilar tamin a kan fuli, ya cire bututun gwangwanin nan, ya riƙa ƙara totur yana rubuta digiri nawa wuta ta riga a kowane gudu. Daga nan ya gwada da abin da littafin injin ya ce, ya canja sifirin ko ya rage iyakar tafiyar ƙarafan. A tuna, distiributa rabin gudun inji take yi, don haka digiri 10 a jikinta digiri 20 ne a fuli. Wanda ya kankare kan silinda, ko ya sa kam mai ƙarfi, ko babbar kafireta, tilas ya yi wannan aiki, domin lissafin masana'anta bai dace da injinsa ba kuma. Haka fetur ma ya canja, tun da an daina sa masa dalma.

To, wanne za a fara? Buɗe murfi ka kama sandar tsakiya ka girgiza. In tana wasa gefe da gefe, bushin ya ci, sai gyara ko sabuwa. Murɗa rota ka saki, ya kamata ta koma da kanta. Tsotsi bututun gwangwani ka ga ko faranti ya motsa. In waɗannan sun yi daidai, an kuma daidaita tamin, sa'an nan na'urar lantarki za ta biya kuɗinta.

'Yan'uwa masu zuwa Ladipo sayen sabuwa sukutum, ku duba lambar da ke jikin taku, Ducellier ce ko wata, domin shiga rami ba shi ne dacewa ba. Wanda kuma ya sa na'ura, ya ajiye tsohon kwantak da kandansa a mota. In ta mutu tsakanin Jebba da Mokwa da dare, ba ta gyaruwa a bakin titi.

Allah ya kiyaye hanya.