FASHIN BAƘI: Shin bindiga na tashi da kanta? Bambancin libarba mai aiki ɗaya da mai aiki biyu

A ranar 21 ga Oktoba, 2021, ma'aikatan wani fim mai suna Rust suna gwajin fitowa a cikin wata majami'ar katako da ke gandun Bonanza Creek, kusa da birnin Santa Fe a Jihar New Mexico ta Amurka. Jarumin fim ɗin, Alec Baldwin, yana zaune yana gwada yadda zai zaro libarba ya nuna ta wajen kyamara. An shaida masa cewa babu harsashi mai rai a cikinta. Bindigar ta tashi, harsashin ya ratsa ƙirjin mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, 'yar asalin Yukiren mai shekara 42, sannan ya maƙale a kafaɗar daraktan fim ɗin, Joel Souza. Hutchins ta rasu a ranar.

Bayan makonni shida, Baldwin ya shaida wa gidan talabijin na ABC cewa shi bai danna kunamar bindigar ba. Ya ce ya ja gudumar da ke bayanta ne kawai, ya sake ta, sai bindigar ta tashi. Wannan furuci ya zama ƙashin bayan muhawarar da lauyoyi da masana makamai suka shafe kusan shekara uku suna yi. Fahimtar muhawarar kuwa ta rataya ne a kan wani bambanci da ya girmi kowa a cikin shari'ar: yadda libarba mai aiki ɗaya ta saɓa da mai aiki biyu.

Yadda libarba take aiki

Libarba ƙaramar bindigar hannu ce mai ganga a tsakiya. Gangar tana da ramuka, galibi biyar ko shida, kowane rami da harsashinsa. Kafin harsashi ya fita, dole abubuwa uku su faru. Gangar ta juya har wani rami ya daidaita da bututun bindigar. A ja gudumar baya, ta danne wani ƙarfe mai tsalle da ke cikin mariƙin. Daga nan a saki gudumar, ta faɗo da ƙarfi a kan gindin harsashin, albarushi ya kama wuta, ya tura dalmar waje.

Duk libarba tana bin waɗannan matakai. Abin da ya raba su gida biyu shi ne yawan aikin da aka ɗora wa kunama.

A libarba mai aiki ɗaya, aikin kunama guda ne tak: sakin guduma. Mai harbi ne zai sa babban yatsansa ya ja gudumar baya, kuma wannan jan shi ke juya gangar. Idan gudumar tana kwance ba a ɗana ta ba, ko an wuni ana danna kunama babu abin da zai faru. Bayan kowane harbi sai an sake ɗanawa.

A libarba mai aiki biyu kuwa, jan kunama shi kaɗai yana ɗaga gudumar, ya juya gangar, sannan ya saki gudumar a ƙarshen jan. Ɗanawa da saki, su ne ayyuka biyun da sunan yake nufi. Yawancin irin waɗannan bindigogi suna ba mai su zaɓi: ya ja kunama kai tsaye, ko ya ɗana gudumar da yatsa ya harba ta kamar mai aiki ɗaya. Akwai kuma waɗanda aka toshe wannan zaɓi a cikinsu, ba sa tashi sai da doguwar jan kunama.

Nauyin kunama

Bambancin da ya fi shafar rayuwar mutane yana kan yatsa. Idan an riga an ɗana guduma, an gama aikin mai wuya, abin da ya rage wa kunama kaɗan ne. Tana motsawa 'yan milimita, da matsin da galibi bai wuce kilo ɗaya zuwa biyu ba. Kunamar mai aiki biyu tana da doguwar tafiya, kuma tana bukatar ƙarfin da ya kai kilo huɗu zuwa shida, domin yatsa ne ke ɗaga gudumar da juya gangar a lokaci guda.

Kowanne yana da riba da hasara. Kunama mai sauƙi tana taimaka wa saiti, tunda hannu ba ya karkacewa wajen dannawa, shi ya sa masu gasar harbi da mafarauta ke son ta. Amma mutumin da ya firgita, ko ya yi tuntuɓe, ko aka bangaje shi, yatsunsa kan damƙe ba da saninsa ba, kuma kilo ɗaya ba komai ba ne ga yatsan da ya razana. Kunama mai nauyi tana rage saiti ga wanda bai ƙware ba, sai dai tana da saurin maimaita harbi, kuma da wuya a ja ta har ƙarshe ba tare da an yi nufi ba.

Gasar Colt da Adams

Samuel Colt ya samu rajistar ƙirarsa a Amurka a 1836, kuma libarbarsa mai aiki ɗaya ce. A 1851 wani maƙerin bindiga a Landan, Robert Adams, ya fito da ƙirar da kunama ke ɗana kanta. A shekarar ne aka yi babban baje kolin Landan, inda dukkansu biyu suka nuna hajarsu. Bindigar Colt ta fi saiti daga nesa, ta Adams ta fi saurin wuta idan abokin gaba ya matso, abin da ya sa hafsoshin Birtaniya da dama suka karkata gare ta. Daga baya wani hafsa mai suna Frederick Beaumont ya gyara ƙirar Adams ta yadda za a iya harba ta ta hanyoyin biyu, sojojin Birtaniya suka karɓe ta a 1856.

Amurka ta daɗe tana riƙe da tsohuwar hanya. A 1873 sojojinta suka ɗauki samfurin Colt Single Action Army, bindigar da finafinan kaboyi suka mayar tambarin yammacin ƙasar. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 mai aiki biyu ta samu gindin zama. Samfurin Military & Police na kamfanin Smith & Wesson, wanda ya fito a 1899, ya zama bindigar ɗan sandan Amurka na tsawon shekaru masu yawa, kafin bindigogi masu ɗura kansu su maye gurbin libarba daga shekarun 1980.

Tsohuwar Colt tana da wani aibu sananne. Idan gudumar na kwance a kan ramin da ke da harsashi, tsinin da ke kanta yana jingine da gindin harsashin, faɗuwa ƙasa ko bugu mai ƙarfi na iya tayar da ita. Saboda haka masu riƙe ta suka saba zuba harsashi biyar, su bar gudumar a kan rami na shida babu komai. A 1973 kamfanin Ruger ya fito da sabon samfurin mai aiki ɗaya wanda aka sanya wa wani ɗan ƙarfe tsakanin guduma da allurar da ke dukan harsashi. Ƙarfen ba ya hawa wurinsa sai an ja kunama, don haka bugu kaɗai ba ya tayar da bindigar. Libarbobin zamani masu aiki biyu su ma suna da irin wannan kariya a ciki.

Abin da bincike ya gano a kan bindigar Rust

Bindigar da ke hannun Baldwin kwaikwayon Colt ta 1873 ce, ƙirar kamfanin Pietta na Italiya, wato mai aiki ɗaya. A jikin gudumar irin wannan bindiga akwai matakai da bakin kunama ke maƙalewa a ciki: na farko na tsaro, na tsakiya na zuba harsashi, na ƙarshe na cikakkiyar ɗanawa. Idan gudumar ta suɓuce daga yatsa kafin ta kai ƙarshe, ɗaya daga cikin matakan farko ne ya kamata ya tare ta. Idan ta kai ƙarshe, tana nan a maƙale har sai an danna kunama.

Akwai hanya ɗaya da duk waɗannan matakai ke zama banza. Idan yatsa yana danne da kunama tun farko, babu abin da zai riƙe gudumar: ana jan ta a sake, za ta faɗo kai tsaye a kan harsashi. Wannan ne ma salon da ake gani a finafinan kaboyi, inda jarumi ke riƙe kunama yana marin guduma da tafin ɗaya hannun. Ma'ana, mutum zai iya rantsewa cewa bai ja kunama ba, yana kuma gaskata kansa, alhali yatsansa yana kanta tun lokacin da ya zaro bindigar. A libarba mai aiki biyu da ba a ɗana ba, irin wannan kuskure yana da wuya, domin jan yana da tsawo da nauyin da mai yi zai san ya yi.

Rahoton hukumar FBI da ya fito a watan Agusta na 2022 ya ce, muddin sassan cikin bindigar suna lafiya, ba ta tashi idan an ɗana ta sai an ja kunama. Sai dai a wajen gwajin, masu binciken sun yi ta bugun ta da guduma don su ga ko bugu zai tayar da ita, har wasu sassanta suka karye. Lauyoyin Baldwin sun kama wannan, suka ce gwamnati ta lalata babbar hujjar da wanda ake tuhuma zai kare kansa da ita. A watan Afrilu na 2023 masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar kisan kuskure da suka shigar a Janairu, bayan an taso da batun ko an taɓa yi wa bindigar gyara. Daga nan suka ba wani masanin makamai, Lucien Haag, aikin sake duba ta. Ya maye sassan da suka karye da sababbi, ya yi gwaji, ya kai ga matsaya irin ta FBI. A Janairun 2024 aka sake tuhumar Baldwin.

Kotu ba ta kai ga yanke hukunci a kan yatsan Baldwin ba. A ranar 12 ga Yuli, 2024, ana tsakiyar shari'a, Mai Shari'a Mary Marlowe Sommer ta kori ƙarar, korar da ta hana a sake shigar da ita, bayan ta tabbata cewa an miƙa wa ofishin 'yan sandan yankin wasu harsasai masu alaƙa da batun, aka ajiye su a ƙarƙashin wata lambar fayil daban, ba a sanar da lauyoyin da ke kare shi ba.

Wadda aka ɗaure ita ce mai kula da makaman fim ɗin, Hannah Gutierrez-Reed. A watan Maris na 2024 masu taya alƙali yanke hukunci suka same ta da laifin kisan kuskure, daga baya aka yanke mata wata 18. Tambayar da aka yi mata ta riga ta kunama zuwa: ta yaya harsashi mai rai ya shiga bindigar wasa? Masu bincike sun samu irinsa guda shida a wurin ɗaukar fim ɗin. Mataimakin darakta David Halls, wanda aka ce shi ya miƙa bindigar, bai ja da tuhumar sakaci da makami ba, aka sanya shi a ƙarƙashin sa ido na wata shida.

Lokacin da bindigar take hannun hukuma

Wannan bambanci ya taɓa tayar da gari guda. A watan Disamba na 1982, wani ɗan sanda a birnin Miami, Luis Alvarez, ya harbe wani matashi baƙar fata mai shekara 20, Nevell Johnson, a wani shagon wasannin bidiyo da ke unguwar Overtown, lamarin da ya jawo tarzoma ta kwanaki. Masu gabatar da ƙara sun ce ɗan sandan ya ɗana gudumar libarbarsa ba bisa ƙa'ida ba, ta tashi cikin sakaci. Shi kuwa ya ce da gangan ya harba don kare kansa. A 1984 aka wanke shi. Irin waɗannan shari'o'i ne suka sa manyan rundunonin 'yan sanda a Amurka, ciki har da na Los Angeles da New York, suka koma ba jami'ansu libarbar da ba a iya ɗana ta da yatsa. Manufar ita ce kowane harbi ya zama abin da jami'i ya yi da nufi, wanda kuma za a iya tambayarsa dalili.

A Najeriya, Dokar Makamai ta sanya libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu cikin jerin makaman da aka haramta mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma abin da aka fi gani a shingayen bincike manyan bindigogi ne irin su AK-47, masu tsarin da ya bambanta da wannan. Duk da haka, bayanin nan na cewa bindiga ce ta kuɓuce ta tashi ba baƙo ba ne ga duk mai bin labaran kashe-kashen da ake zargin jami'an tsaro da su. Shari'ar Rust ta nuna cewa irin wannan iƙirari abu ne da ake gwadawa. Akwai tambayoyin da ke da amsa: wace irin bindiga ce, a ɗane take ko a kwance, nawa ne nauyin kunamarta, ina yatsan yake, wa ya zuba harsashin, wa ya duba makamin bayan harbin, kuma a hannun wa aka ajiye shi kafin a kai kotu.

An kammala fim ɗin Rust daga baya a Jihar Montana, aka fara nuna shi a watan Nuwamba na 2024 a bikin Camerimage na ƙasar Poland, bikin da ake karrama masu ɗaukar hoto irin Halyna Hutchins. Ta bar miji da ɗa guda. Furodusoshin sun ce a zagaye na biyu na aikin ba a shigar da makami mai iya harbi ko harsashi kowane iri wurin ɗaukar ba.