Me Ya Sa Mai Kallon Tsuntsu Ke Saɓa Madubi Bayan Ga Tabarau a Wuyansa?

Duk watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, masu ƙidayar tsuntsayen ruwa kan sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, inda baƙin tsuntsaye daga Turai ke zuwa cin rani. Za ka ga kowannensu da tabaran hangen nesa mai ido biyu rataye a wuya, ga kuma wani dogon madubi mai ido ɗaya, haɗe da ƙafafu uku, an saɓa a kafaɗa. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ce son kaya ne kawai.

Dubi jikin tabaran, za ka tarar an rubuta 8x42 ko 10x42. Lambar farko ita ce yawan kusantowa, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Wato tsuntsun da ke nesa da kai da mita 200, tabarau mai 8 zai nuna maka shi tamkar yana mita 25. Wannan ya isa ka gane zalɓe ko gauraka. Amma ƙananan tsuntsayen da ke kiwo a taɓo, masu kama da juna kamar an tsaga kara, bambancinsu sai a tsawon baki ko launin ƙafa. A nan madubin ke shigowa. Yawanci yakan kusanto da abu sau 20 zuwa 60; ka ajiye shi a 40, tsuntsun nan ya dawo kamar mita 5. Har lambar zoben roba da masu bincike suka sa masa a ƙafa ana iya karantawa, ba tare da an matsa kusa an tarwatsa garken ba.

To, me zai hana a ƙera tabarau mai ƙarfin 40 a huta? Hannu ne matsalar. Gilashi ba ya zaɓe: yadda yake ƙara girman tsuntsu, haka yake ƙara girman rawar hannunka. Da an wuce 10 ko 12, hoto sai ya dinga tsalle. Shi ya sa madubin ba ya rabuwa da ƙafafunsa.

Shi ma fa yana da nasa aibun. Filin da yake nunawa ƙunci gare shi, neman tsuntsu mai shawagi da shi wahala ce zalla. Ga nauyi. Ga kawalwalniya: da rana ta take, zafi ya fara tashi daga ƙasa, ƙarin ƙarfi ƙarin dishi-dishi ne, balle ranar da hazo ya sauko. Masu ƙidaya sun san haka, shi ya sa suke sammako.

Saboda haka da tabarau ake lalubo tsuntsu, da madubi ake tabbatar da ko wane ne. Idan yanzu za ka fara, kuma kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi tabarau tukuna.