Funfuna a Iskar Ɗaki: Abin da Alƙaluma Suka Nuna

A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa danshi ya shafi kashi 10 zuwa 50 cikin 100 na gine-ginen da ake zama ko aiki a cikinsu a Turai da Amurka ta Arewa da Ostireliya da Indiya da Japan. Ko a ƙaramin adadin, gini ɗaya ne cikin goma. Inda danshi ya zauna a bango ko silin, funfuna na tsirowa, ta riƙa sakin ƙurar irinta a iska. Ƙwayar irin Aspergillus fumigatus ba ta wuce maikromita 2 zuwa 3 ba, alhali kaurin gashin kai ya kai wajen 70. Shi ya sa take wucewa har can cikin huhu.

Nazarin da Fisk da abokan aikinsa suka wallafa a 2007, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya nuna cewa zama a gida mai danshi da funfuna na da alaƙa da ƙarin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na tari da shessheƙar numfashi da sauran alamun asma. A shekarar dai, Mudarri da Fisk sun lissafa cewa cikin masu asma miliyan 21.8 a Amurka, miliyan 4.6 ana iya danganta ciwon nasu da danshin gida. Mutum ɗaya ke nan cikin biyar, da asarar dala biliyan 3.5 a shekara.

Wuraren aiki ma ba su tsira ba. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta binciki gine-ginen ofisoshi 100 tsakanin 1994 da 1998. Kashi 85 ruwa ya taɓa yi musu ɓarna, kashi 45 kuma suna yoyo a lokacin binciken.

Alƙaluman Ingila sun fi bayyana yadda matsalar ta rabu. Jagorar da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 2023 ta ce gidajen da ke da danshi da funfuna sun kai tsakanin kashi 4 da kashi 27, wato daga kusan miliyan ɗaya zuwa miliyan 6.5. Ratar ta ninka sama da sau shida, kuma asalinta hanyar ƙidaya ce. Ƙaramin adadin ya fito daga abin da ma'aikacin bincike ya gani ranar da ya shiga gida. Babban ya fito daga bakin mazauna, waɗanda suka san kusurwar da ke baƙi a lokacin sanyi da bayan kabad ɗin da ke wari. Dogaro da na farkon kaɗai yana barin miliyoyi a waje.

Jagorar ta danganta danshi da funfuna da masu asma kimanin 5,000 da cututtukan huhu kimanin 8,500 a Ingila a 2019.

Binciken gidaje na shekara-shekara na Ingila ya raba adadin 2021 gida uku. A gidajen da masu su ke ciki, kashi 2 ne ke da danshi. A gidajen haya na ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin samar da gidaje, kashi 4. A gidajen haya na masu zaman kansu, kashi 11. Ɗan haya a rukunin ƙarshe ya ninka mai gidan kansa fiye da sau biyar wajen yiwuwar kwana da danshi, kuma gyaran rufi ko bututu ba a hannunsa yake ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa iyakar yawan ƙwayoyin funfuna a iska da za a ce ba su da illa ba, gwamnatin tarayyar Amurka ma haka. Ma'aunin da ake aiki da shi na laima ne. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ba da shawarar laimar ɗaki ta tsaya ƙasa da kashi 60, an fi so tsakanin 30 da 50, kuma duk abin da ya jiƙe a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48.

A Disamba 2020 Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu da iyayensa suka fito daga Sudan, ya rasu a Rochdale da ke Ingila. Mahaifinsa ya kai koke kan funfunar gidan tun 2017, aka ce ya shafe ta da fenti. A Nuwamba 2022 binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar da cewa daɗewar shaƙar funfunar ce sanadi. Dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki ranar 27 ga Oktoba 2025. Ta ba mai gida kwana 10 na aiki ya binciki koken, kwana 5 na aiki bayan binciken ya kawar da haɗarin, awa 24 kuma idan lamarin na gaggawa ne. Zangon farko ya shafi gidajen hukumomi da ƙungiyoyi ne, masu kashi 4. Gidajen haya na masu zaman kansu, masu kashi 11, ba su cikinsa.