Riba da amfanin jama'a: darasin gyaɗar Yamai da hanzar Damagaram

A ƙasar nan an saba auna kirkin attajiri da abin da ya bayar bayan ya ci riba: masallacin da ya gina, rijiyar da ya haƙa ma ƙauye, hatsin da ya raba cikin watan azumi. Wannan alheri ne, kuma babu mai raina shi. Sai dai akwai wani irin kasuwanci wanda amfaninsa ga jama'a yana cikin hajar kanta, tun daga hannun wanda aka saye ta har zuwa bakin wanda zai ci. Labarin masana'antu biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a Damagaram, ya nuna yadda abin ke yiwuwa, ya kuma nuna inda gizo ke saƙar.

Hatsi a kasuwa, tamowa a gida

Duk ɗan kasuwar Maradi da ya manyanta yana tune da shekara ta 2005. Damanar 2004 ta ɗauke da wuri a wurare da dama, fara kuma ta sauka ma gonaki da makiyaya. Kafin damanar da ta biyo baya ta zauna, kuɗin buhun hatsi ya ninka har fiye da sau biyu a kasuwanni da yawa. Abin da ya fi ɗaure ma mutane kai shi ne, hatsin bai ƙare a kasuwa ba. Yana nan jibge, talaka ne ba shi da abin saye. Jihar Maradi kuwa, wadda ake yi ma kallon rumbun ƙasa kuma cibiyar fatauci, ita ce tamowa ta fi yi ma ɓarna.

A cikin wannan shekara, likitocin ƙungiyar MSF sun yi ma yara fiye da 60 000 masu tamowa mai tsanani magani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maradi, kuma wajen tara cikin goma sun warke. Ba a taɓa kula da yara masu yawa haka a lokaci guda ba. Abin da ya sa aka iya shi ne wata ƴar leda mai nauyin giram 92, cike da tunkuzar gyaɗa mai zaƙi, wadda ake kira Plumpy'Nut.

Kafin a samo ta, yaron da tamowa ta kama sosai sai an kwantar da shi gidan likita makonni, ana dama mashi wata madara ta musamman da ruwa mai tsabta. Uwa ta bar gona, ta bar sauran ƴaƴa, ta tare a gefen gado. Gadajen ba su isa, ruwan kirki kuma ba ko'ina ake samun shi ba. A shekara ta 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, tare da Michel Lescanne, wanda ya kafa kamfanin Nutriset a yankin Normandi na Faransa a 1986, suka haɗa gyaɗa, da sukari, da mai, da garin madara, da sinadaran gina jiki, suka fitar da abin da ba ya bukatar ruwa, ba ya bukatar wuta ko firiji, yana kuma iya shekara biyu bai lalace ba. Uwa za ta karɓi na mako guda, ta koma gida ta ba ɗanta da hannunta. Kwali ɗaya mai leda 150 kan isa jinyar yaro guda ta mako shida zuwa takwas. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da lafiya, da yara, da cimaka suka amince da wannan hanya ta jinya a gida.

Gyaɗa ta koma gida

Akwai abin takaici a cikin wannan labari. Gyaɗa, wadda mutanen Gobir da Adar ke ce ma gujiya, ita ce ta gina arzikin kudancin Nijar. A shekarun 1960 ita ke kawo ma ƙasa fiye da rabin kuɗin da take samu daga kayan da take fitarwa waje. Dominta aka kafa kamfanin SONARA a 1962, kuma a harkarta da dama daga cikin alhazan Maradi suka samu jarinsu na farko. Farin shekarun 1970 da cutar da ta faɗa ma shuka a 1975 suka durƙusar da ita, ƙarfen uraniyom ya maye gurbinta. Sai ga shi bayan shekara 30, ana sauke gyaɗa daga jiragen sama da manyan kamiyo, an sarrafo ta daga Turai, domin ceton jikokin waɗanda suka noma ta.

A nan ne wata ƴar kasuwa ta Yamai, Hajiya Fatchima Cissé, ta shigo cikin labarin. A shekara ta 2001 ta kafa kamfanin sarrafa cimaka mai suna STA, wanda ya fara da garin kunun yara. A 2005 kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da Nutriset, ya shiga sahun farko na masana'antun Afirka da aka ba izinin yin Plumpy'Nut a gida. Nutriset ta kawo sanin aiki da ƙa'idojin inganci, kamfanin Yamai ya kawo ma'aikata da sanin ƙasa. An yi irin wannan haɗin gwiwa da kamfanin Hilina a Habasha, da InnoFaso a Burkina Faso, da NutriK a Kano.

STA kamfani ne, ba ƙungiyar agaji ba. Yana biyan albashi, yana bin bashi ana bin shi, kuma in ya daɗe yana faɗuwa dole ya rufe. Bambancinsa da mai shigo da shinkafa ko taba shi ne, ba ya iya cin riba sai in hajarsa ta warkar da yaro. Kowane kwali da aka yi a Yamai ya rage tsawon jira, domin kayan da ke tasowa daga Turai sai sun ratsa teku da tashar jirgin ruwa da doguwar hanyar mota kafin su iso, tamowa kuwa ba ta jiran kowa. Albashin da aka biya a Yamai kuma a kasuwar Yamai ake kashe shi.

Inda gizo ke saƙar

Kyakkyawar niyya ba ta hana matsala, kuma matsalolin wannan sana'a guda uku ne manya.

Ta farko ita ce kayan haɗi. Garin madara, wanda ya fi kome tsada cikin haɗin, daga waje yake zuwa, haka ma sinadaran gina jiki da ledar ƙunshewa. Gyaɗar ma ba kowace ake karɓa ba. In aka shanya ta a ƙasa mai laima, ko aka ajiye ta inda iska ba ya shiga, takan yi fumfuna mai ɗauke da wani dafi da ake kira aflatoksin, wanda ke lalata hanta. Abin da za a ba yaro mara lafiya sai an gwada shi sosai, shi ya sa wasu masana'antun Afirka suka riƙa sayo gyaɗa daga ƙetare alhali tana jibge a ƙofarsu. A ƙasashe da dama kuma, kayan agaji da aka gama sarrafawa a waje suna shigowa ba duwan, shi ko mai masana'anta na gida yana biyan duwan a kan kayan haɗinsa, yana biyan wutar lantarki mai tsada, yana cin bashin banki da ruwa mai yawa. Ta haka sau da yawa na gida ya fi na waje kuɗi.

Ta biyu ita ce mallakar fasahar. Nutriset ta yi rajistar abin da ta ƙirƙiro, wanda ya hana wasu yin irinsa ba da izininta ba. Ƙungiyar MSF ta yi kuka da haka, a ƙarshen 2009 kuma wasu ƙungiyoyi biyu na Amurka suka kai ƙara kotu. Kamfanin ya kare kansa da cewa in ya saki fasahar, manyan masana'antun ƙasashe masu arziki za su murƙushe ƙananan na Afirka. A 2010 ya sassauta ma masu son yin abin a ƙasashe masu tasowa. Gardamar ta nuna cewa kamfani mai kyakkyawar manufa ma yana da tasa bukata, kuma ba kullum take tafiya daidai da ta jama'a ba.

Ta uku ita ce mafi nauyi. Uwar yaro ba ita ke saye ba, kyauta ake ba ta. Mai saye shi ne masu agaji, musamman UNICEF, wadda ita kaɗai ke ɗaukar wajen kashi uku cikin huɗu na irin wannan cimaka a duniya. Kowane ɗan kasuwa ya san halin mai kanti da ke da abokin ciniki ɗaya. A 2022, bayan yaƙin Ukraniya ya tsawwala kuɗin kayan haɗi da na sufuri, UNICEF ta yi gargaɗin cewa farashin zai iya ƙaruwa da kashi 16 cikin ɗari. A 2025 kuma gwamnatin Amurka ta zabge kuɗin agajin da take bayarwa, oda ta tsaya ma masana'antu da dama, kwalaye suka yi ƙaranci a gidajen likita na ƙasashe da yawa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abincin yunwa ya shiga kanti

Kamfani na biyu ya bi wata hanya dabam. A 2014 Josef Garvi, Bature wanda ya tashi a jihar Damagaram, ya kafa Sahara Sahel Foods a birnin Damagaram. Jarinsa na gaskiya itatuwan daji ne da kowa ya sani ya kuma raina: hanza, da aduwa, da magariya da makamantansu.

Hanza ƙaramin icce ne da ke zama kore ko da fari ya ƙone kome. Ƴaƴanta, da ake ce ma dilo, suna da ɗaci ƙwarai, sai an jiƙa su kwanaki ana sake ruwa kafin su ciwu. Dattawa sun san ta ceci rayuka a manyan shekarun yunwa, amma saboda haka ne ma ta zama abin kunya: gidan da aka ga ana jiƙon dilo, an san rumbunsa ya ƙare. Kamfanin yana sayen waɗannan ƴaƴan itatuwa daga hannun matan karkara da ke tsinto su, ya wanke, ya sarrafa, ya fitar da gari da biskit da man aduwa, ya ƙunshe su da tsabta ya kai kanti.

Amfanin ya kasu biyu. Matar da ba ta da gona ko jari ta samu abin sayarwa, icce kuma ya samu mai kare shi, domin babu mai sare abin da ke kawo mashi kuɗi kowace shekara. Wannan ya dace da abin da manoman Maradi da Damagaram suka faro tun shekarun 1980, na barin tohon itatuwa a gona lokacin sassabe, aikin da masana suka ƙiyasta ya rayar da wajen eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta. Irin wannan kamfani ƙarami ne in an gwada shi da masana'antar Yamai, kuma tasa wahalar ita ce shawo kan ɗan birni ya fitar da kuɗi ya sayi abin da kakarsa ta ci don dole. Amma duk kwalbar da ya sayar, mai ci ne ya biya, ba mai agaji ba.

Tambayoyi uku

Daga waɗannan labarai biyu ana iya fitar da ma'auni mai sauƙi, wanda ya fi kowane allon talla gaskiya. Daga hannun wa kamfani ke saye, kuma a kan wane farashi? Abin da yake sayarwa yana magance wata bukata ta gaske? In masu agaji suka tattara nasu ya nasu suka tafi, zai iya tsayuwa da ƙafafunsa? Masana'antar Yamai ta amsa tambaya ta biyu babu gardama, ta farko da ta uku ne ke ba ta wuya. Na Damagaram ya yi ƙarfi a ta farko, girmansa kuma ya rataya a kan yawan masu saye.

A nan ne ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati ke da abin yi. Alhajin da ke da sito da kamiyo da dillalai a kasuwannin ƙauye shi ya fi kowa iya tara gyaɗa mai tsabta, in ya yarda ya biya manomi ƙari a kan wadda aka shanya bisa tabarma ko tamfol aka kuma tsince. Wannan ciniki ne mai riba, ba sadaka ba. Ma'aikacin duwan da na lampo da na ma'aikatar kasuwanci kuwa, a hannunsu yake a daina fifita kayan waje a kan wanda ya kafa inji a gida. Gwamnatin da ta sa kuɗin maganin tamowa cikin kasafinta, ta kuma biya masana'anta a kan lokaci, ta zama abokin ciniki na biyu, ta rage dogaro da baƙo. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Zakka da sadaka suna nan da matsayinsu. Sai dai zakka sau ɗaya ake fitar da ita a shekara, ciniki kuwa kullum ne. Attajirin da ya ɓoye hatsi har ya yi tsada, sa'an nan ya raba kaɗan da azumi, ya karɓe da dama ya mayar da hagu. Wanda ya saye da adalci, ya sayar da abin da ke rayar da mutane, jama'a na amfana da shi tun kafin ya ƙirga ribarsa.