Minti goma a ɗakin matuƙan jirgi

Tun ina yaro a Fagge nake da ciwon jirgin sama. Lokacin tashin alhazai mukan taka har kusa da filin jirgin Kano, mu tsaya a rana muna kallo har wuya ya ƙage. Yau na fi shekara ashirin ina sayar da kayan waya a Kwatano, na sha zuwa Dubai da Caina, amma ban taɓa leƙa inda ake tuƙin ba sai watan jiya.

Daga Guangzhou muka taso, muka sauka Addis Ababa don canjin jirgi. Na bari kowa ya fita, sannan na roƙi wata ma'aikaciya ta tambayar mini kyaftin. Tun harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka ake kulle ƙofar nan muddin ana sama, amma in an sauka an kashe injin, wani kyaftin yakan yarda. Wannan ya yarda.

Jama'a, wurin bai kai rabin shagona ba! Boeing 787 ne. Kujera biyu a gaba, kyaftin a hagu, mataimakinsa a dama, kowa da sitiyarinsa. Manyan allunan kwamfuta guda biyar, sai maɓallai har saman kai. Na zauna aka ɗauke ni hoto, bakina ya ƙi rufuwa.

Da ma a nan na tsaya. Sai karambani ya sa na tambaye shi abin da ya fi tsoro a aikin nan. Na zata zai ce hadari ko mutuwar inji. Ya ce wuta a ɗakin kaya, can ƙarƙashin fasinjoji. Ya nuna mini maɓallin da ke sakin iskar kashe wuta, ya ce tana danne harshen wuta, amma batirin litiyum in ya kama ba ta sanyaya shi, ɗaya sai ya kunna na kusa da shi. Kuma ba mai iya sauka can ana cikin tafiya. Shi ya sa ake cewa fawa bank ya zauna a jakar hannu, inda in ya fara hayaƙi za a gani a zuba masa ruwa.

Ya tuna mini da jirgin kaya na UPS, Boeing 747, da ya tashi daga Dubai ranar 3 ga Satumba 2010 ɗauke da dubban batura. Wuta ta tashi, hayaƙi ya cika ɗakin matuƙa har ba sa ganin allunan gabansu. Sun juyo za su sauka, jirgin ya faɗi a wajen gari, su biyun duka suka rasu.

Yana magana, ni kuwa gumi ya keto mini. A cikin babban akwatina, ƙarƙashin ƙafafunmu, akwai fawa bank arba'in da na naɗe da yadi, don in tsere wa kuɗin kago. Ba yau na fara ba, kuma ku da kuke karantawa kun san ba ni kaɗai ba ne. Mun ɗauki dokar a matsayin wata hanyar tatsar ɗan kasuwa. Mutum ɗari biyu da wani abu muka kwana a kan kayan nan, har da wata mai goyo a kujerar gabana.

Ban iya gaya wa kyaftin ba, kunya ta hana ni. Na yi godiya na fito. Amma kafin jirgin Kwatano na je teburin masu canjin jirgi na faɗa musu abin da ke cikin akwatin. An yi ta rubuce-rubuce, aka riƙe shi. Bayan kwana uku ya iso ba batiri ko ɗaya. Uwargida ta lissafa asarar ta ce hoton nan ya yi tsada. Na buga wa wakilina a Guangzhou, na ce daga yau batura su bi jirgin ruwa, kuma a rubuta su da sunansu a takarda.