Kwan Fitila, Mita da Rizista: Teburin Gwajin da Mai Gyaran Lasifika Ke Bukata

Da zarar watan Sha'aban ya raba, aikin mai gyaran rediyo a Kiru da Bebeji yakan ninka. Kwamitin kowane masallaci ya tuna da amfilifayar da za ta ɗauki tafsiri da tarawihi, sai a naɗo ta a buhu bayan babur, a dire ta gaban mai gyara, a ce, "Malam, ta daina magana." Haka abin yake lokacin Mauludi, haka bayan kaka idan bukukuwan aure suka kankama, balle kakar siyasa da ake ɗaura lasifika a kan mota a zagaya ƙauyuka.

Yadda ake gyaran a yawancin shaguna sananne ne. A kwance murfi, a shinshina, a ga taransistocin da suka ƙone, a cire a sa sababbi, a haɗa lasifikar mai kaya, a soka a wuta. In an dace ta yi magana. In kuwa abin da ya ƙona na farko yana nan, sababbin ma kafin ƙiftawar ido sun bi sahu, wani lokaci har da lasifikar. Kayan gyaran nan kuma mafi yawa daga kasuwar Sabon Gari ta Kano ake sayo su. Ga mai shago a Doguwa, taransista biyu da suka ƙone a banza na nufin ratsa dajin Falgore, a wuce Tudun Wada, a ɓullo Kwanar Dangora, sannan a miƙi hanyar Kano. Yini guda ke nan da kuɗin mota, kuma ba kowane kwamitin masallaci zai yarda ya biya sau biyu ba.

Ni a ganina ƙwarewar hannu ba ita masu gyaranmu suka rasa ba. Da yawansu sun iya narka dalma tsaf, sun san kafasitar da ta kumbura da ido. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin da za a gwada na'ura ba tare da an jefa ta a hatsari ba, a kuma auna lafiyarta da lissafi maimakon kunne kaɗai. Teburin gwaji ke nan, kuma rabin kayansa ba su kai kuɗin buhun masara ba.

Na farko, kuma mafi muhimmanci, kwan fitila ne, irin na da mai siririn zare a ciki, na wat 60 ko 100. Ana kafa shi a kan katako tare da soket, a haɗa su ta yadda wutar da za ta shiga amfilifaya sai ta ratsa ta cikin kwan tukuna. Zaren kwan yana da wata ɗabi'a: idan yana sanyi wuta na wuce shi cikin sauƙi, idan ya yi zafi sai ya ƙara tare ta. Saboda haka in aka kunna lafiyayyar amfilifaya, kwan zai haska na ɗan lokaci yayin da manyan kafasitoci ke cika, sannan ya dusashe. In ya tsaya da haske tar, akwai inda wuta ke haɗuwa a ciki, amma kwan ya shanye mafi yawan ƙarfin, sababbin taransistoci sun tsira, mai gyara ya kashe ya koma bincike. Kwan LED ko mai lanƙwasa ba ya wannan aiki ko kaɗan, kuma irin na da yana ta ɓacewa daga kasuwa, don haka wanda ya same shi ya sayi da yawa ya adana. A kuma sani cewa wannan gwajin farkon kunnawa ne kawai. Idan za a gwada ƙarfin murya sai a tsallake kwan, sannan sababbin na'urori marasa babbar taransifoma wani lokaci sukan ƙi tashi a bayan ƙaramin kwan, sai an sa mai wat da yawa.

Kwan fitila ya daɗe a wannan sana'a. Kamfanin Hewlett-Packard, wanda yau aka fi sani da kwamfuta, kayan da ya fara sayarwa a 1939 wata na'ura ce mai fitar da sauti ɗaya tsayayye domin gwajin kayan murya, kuma ɗan ƙaramin kwan fitila ne a cikinta ke daidaita ƙarfin sautin. Kamfanin fina-finai na Disney ya sayi guda takwas domin aikin fim ɗinsa Fantasia. Abin da wancan akwati ke yi, yau wayar hannu na yin sa da manhaja ta kyauta. Mai gyara ya sa wayar ta fitar da sauti mai kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa, ko sau 400, ya shigar da shi cikin amfilifaya. Wannan ya fi gwaji da waƙa ko karatu nesa ba kusa ba, domin waƙa hawa da sauka take yi, ba a iya auna ta.

Sai abin da zai tsaya a madadin lasifika. Babu dalilin da zai sa a jingina lasifikar mutane ga na'urar da ba a tabbatar da lafiyarta ba, babu kuma dalilin cika wa maƙwabtan shago kunne. Babbar rizista ta om 8 mai ɗaukar wat 100, a ɗaure ta a kan falankin alminiyom don ta riƙa huce zafi, ta wadatar. Amfilifaya ba ta bambanta ta da lasifika sosai, tana aiki iya ƙarfinta, shago kuma shiru. Wanda bai samu ba, hita uku na dafa ruwa masu wat 2,000, in aka haɗa su kai da kai gindi da gindi aka nutsa cikin bokitin ruwa, suna ba da kusan om 9.

A nan ne mita ke nuna amfaninta. Kafin a sa kowane sauti, a auna bakin fitar lasifika a ga ko akwai tsayayyar wuta irin ta batir. A amfilifayar da ba ta da taransifoma a bakin fita, abin da ya kamata a gani bai wuce milibolt 50 ba. In aka ga bolt 20 ko 30, to duk lasifikar da aka haɗa za ta ƙone. Bayan nan a sa sautin, a ɗaga murya, a auna wutar da ke kan rizista. Lissafin ya samo asali daga dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827: a ninka adadin bolt da kansa, a raba da om. Bolt 20 a kan om 8 wat 50 ke nan, bolt 28 kuwa kusan wat 100. Duk mai gyaran da ya fara wannan awo zai daina gaskata dubban wat da ake bugawa a jikin kwali. Sai dai mita mai araha an yi ta ne don wutar gida mai kaɗawa sau 50, tana iya kuskure a sauti mai tsini, shi ya sa sau 400 ko ƙasa da haka ya fi dacewa da ita.

Wanda hannunsa ya kai, ya ƙara da osiloskof, na'urar da ke zana siffar sauti a kan gilashi. Yanzu akwai ƙanana na hannu masu aiki da batir. Da ita ake ganin lokacin da amfilifaya ta kai maƙura, kan zanen ya yanke ya yi faɗi. Wannan yankewar ita ce muryar da ke karcewa idan ladan ya ƙure murya, ita ce kuma ke gasa siririyar wayar da ke cikin kan lasifika. Gargaɗi ɗaya: a wasu amfilifayoyi duka bakunan lasifika biyu suna ɗauke da wuta, in aka maƙala wayar ƙasa ta osiloskof mai aiki da wutar gida a ɗaya daga ciki, an yi sabuwar ɓarna.

Abin da ya fi damuna shi ne na'urar da ake gyarawa ta dawo bayan mako biyu, a fara zargin mai gyara da ha'inci alhali laifin yana can saman hasumiya. Lasifika biyu masu om 8 in aka haɗa su a baki ɗaya sun zama om 4. Huɗu sun zama om 2. Masallaci na faɗaɗa, wani bawan Allah ya yi sadakar lasifika, a jona, wani ma ya kawo tasa, a jona, amfilifaya ta koma kamar jakin da aka ɗora wa mangala huɗu. Amfilifayoyin Ahuja na Indiya da TOA na Japan, waɗanda suka cika masallatanmu, da yawansu suna da bakin layin bolt 100 da aka tanada domin lasifika masu yawa da waya mai nisa, amma sai kowace lasifika tana da 'yar taransifomarta, kuma jimillar wat ɗinsu ba ta wuce ƙarfin amfilifaya ba. Mai gyaran da ya gwada aikinsa a kan rizista na tsawon sa'a guda, ya rubuta awon a littafi, yana da hujjar cewa, "Ranka ya daɗe, lafiya ta bar hannuna, mu je mu duba haɗin."

Irin wannan gwaji na sa'a guda shi ke tona jabun taransista. Lambobi kamar 2SC5200 da 2SA1943 na Toshiba an yi jabunsu ba iyaka, suna magana lafiya a ƙaramar murya, su mutu da zarar sun ɗau zafi. Zafin bazara ma nasa aikin yake yi: kafasita mai ruwa a ciki, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin rayuwarta, don haka mai lamba 105 ta fi mai 85 dacewa da ƙasarmu. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, ƙaramin janareta ya riƙa hawa da sauka, inbata mai araha ta cusa gurnani cikin murya. Kyau teburin ya kasance da mitar da ke nuna ƙarfin wutar shago a kowane lokaci, da batir na bolt 12 mai fis don na'urorin da ke aiki da shi.

Sauran abin da ya rage kiyaye rai ne. Tebur ya zama na katako busasshe, da makunni ɗaya kusa da hannu mai kashe komai. Manyan kafasitoci na riƙe wuta bayan an zare soket, a sauke ta da rizista ko da kwan fitila, kada a haɗa ƙafafunsu da sukudireba. Dalma guba ce, jihar Zamfara ta ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010, saboda haka yaron shago ya wanke hannu kafin ya ci abinci, kada kuma ya riƙe wayar dalma da haƙori yayin da hannayensa ke aiki.

Kwalejin fasaha ta gwamnati da ke Bagauda tana nan kusa, kuma zai yi kyau ƙungiyoyin masu gyara na Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa su nemi malamanta su shirya bita ta kwana biyu kafin azumi, kowane mahalarci ya koma gida da katakon kwan fitila da rizistar da ya haɗa da hannunsa. Kwamitocin masallatai kuma, idan za su karɓi amfilifaya daga gyara, su ƙara wa mai gyara kuɗin babur ya zo da mitarsa ya auna layin lasifika kafin a jona.